Sai Baba Ya Buga da Kansa

Litinin 7 ga Yuli, da sassafe

Ƙanena Ben ya zo jiya bayan sujada, shi da Baba Bitrus ƙanin Baba. Ko ruwan da na kawo musu ba su taɓa ba. Suka shiga ɗaki suka tsaya a kan Baba suna kallonsa, suka fito falo, Baba Bitrus ya gyara zama ya ce iyali sun yi shawara, gara a kai yayansa ƙauye ya huta. A gidana, a kan kujerata, ya faɗi wannan maganar.

Na ce wane iyali? Ni ce babba a 'ya'yan Istifanus, ba wanda ya kira ni wata shawara. Ben ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. Ni na goya yaron nan har ya sha yi mini fitsari a baya, yau don shi ne namiji kowa bakinsa yake kallo.

Ba sai an yi mini fassara ba. Mutanenmu ba sa son dattijo ya shiga garinsu a bayan mota an lulluɓe masa fuska. Sai a kai shi tun yana numfashi, a shimfiɗa masa a gidan ubansa, a zauna jira. Babu likita a can, babu mai gasa masa ƙafa, hanyar ma in ruwa ya sauka sai babur.

Na gaya musu Baba yana jin komai. Tun faɗuwar da ya yi a watan Mayu baki ne ya kama da ɓarin dama, amma mutumin yana ciki, ni da nake kwana da shi na sani. Na ce in ya yarda da abu yana lumshe ido. Baba Bitrus ya ce mai gyangyaɗi ma lumshewa yake. Sai ya yi wata dariya ta hanci ya ce, "To Hefziba, in yana da bakin faɗa, ya faɗa. Asabar ta ƙarshen wata za mu zauna. Abin da ya ce shi za a yi."

Ba'a yake yi, na sani. Ni kuwa na riƙe maganar gam, na sa Ben ya ce ya ji. Ya ce ya ji, Yaya.

Baba ya sha kunu kofi guda.

Laraba 9 ga Yuli, da yamma

Biro ba ya tsayawa a hannunsa. Hagun ne kaɗai ke motsi, shi ma rawa yake, abin da ya fito a takarda ko ni da nake makin rubutun 'yan aji ɗaya ban iya karantawa ba. Na ba shi waya, yatsa guda ya danne rabin fuskarta. Na aro laftof ɗin makaranta da daɗin baki, ya shafa maɓallan ya ture ta, saura ƙiris ta faɗi in shiga uku a wurin firinsifal. Maɓallan a shafe suke, yatsa ba ya sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Raina ya ɓaci na fita tsakar gida. Da na dawo ina gyara masa bargo sai na ga yatsun hagun suna tafiya a kan cinyarsa, ɗaya bayan ɗaya, a jere. Kai, ni ma dai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga tafireta a ofishin masaƙa a Kakuri, da aka rufe masaƙar ya sayi kwamfuta yana buga wa mutane katin biki da tsarin sujada. Kibod ɗinsa yake nema, wancan mai nauyi, mai ƙara kamar ana ɓare gyaɗa.

Gobe zan ɗauko kwamfutarsa.

Alhamis 10 ga Yuli, da rana

Makullin ɗakin Baba na unguwar Television yana wurin Ben. Na kira bai ɗauka ba. Na tura saƙo, ya aiko mini da shi ta hannun mai keke, sai ka ce ni 'yar haya ce. Allah ya ba shi lafiya.

Na lodo kwamfutar a keken har gidana a Narayi, ita da talabijin ɗinta mai ƙaton ƙeya. Na kwance murfin, ga gidan zanzaro a kusurwa, ga kashin ɓera. Na share, na hura, na haɗa. Ta yi gurnani, ta nuna wata shekara da ban ma gama sakandare ba, ta fara buɗe tsohon Windows ɗinta, sai fuskar ta koma shuɗi ta mutu ta sake tashi. Haka ta yi ta yi har na zare waya.

Kibod ɗin bakin wayarsa zagaye ne, ba ya shiga kowace na'ura ta yanzu. Ko wannan ta tashi, ko babu.

Asabar 12 ga Yuli, da yamma

Na kai wa Charity. Tare muka yi sakandare, yanzu tana da shagon gyaran kwamfuta kusa da gareji a Television, kuma bakinta bai canja ba. Ta leƙa ciki ta ce in kai wa masu sayen ƙarafa, ƙila su ba ni bokiti. Na ce ban zo wasa ba. Na tambaye ta ɗan abin da ake haɗa zagayen bakin da laftof, ta ce ta manta rabon da ta gan shi, laftof ɗin ma ai an karɓe, jarrabawa za a fara.

Ta ce Windows ɗin ciki ya riga ya lalace, sababbin kuma sun fi ƙarfin tsohuwar, ko ta ɗauka ba za ta motsa ba. Abin da ya rage Linux. Kowace shekara ina rubuta wa yara sunan nan a allo, in ce wani tsari ne da ke tuƙa kwamfuta, kyauta ake saukewa, iri-iri ne, akwai marasa nauyi. Su kwafa, in ba su maki. Ban taɓa ɗora shi a kan komai ba a rayuwata. Charity ta ce in bar mata zuwa wani sati. Wani sati na Charity na san shi. Na ɗauke kayana.

Ina bakin ƙofa ta ce wai na tambayi Baba kuwa abin da yake so, ko da lumshe idon ne? Na ce me zan tambaya, ban san ubana ba? Mutane da shisshigi.

Ya sha kunu. Tari ya dame shi.

Litinin 14 ga Yuli, da yamma

Na sauke irin Linux ɗin da ake kira Mint da intanet ɗin makaranta, ina tsaron jarrabawa ina leƙa waya, wani ɗan banza a kujerar baya ya samu dama ya yi satar amsa son ransa. Na zuba a filasha yadda aka nuna. Na zo gida na soka mata. Ko kallonta ba ta yi ba, ta koma shuɗinta.

Sai an shiga wani ɗaki nata na can ƙasa an gaya mata daga ina za ta tashi. Na yi ta dukan maɓalli tana kunnuwa har na dace. A jerin da ta ba ni akwai faifai, akwai cikinta, akwai wannan ɗan murabba'in da aka daina yi tun muna yara. Babu filasha. An haife ta kafin a san ana tashi daga filasha.

Maman Blessing maƙwabciyata, wadda ke zama da Baba in na tafi aiki, ta tsaya a kaina tana cewa da na huta na ci abinci. Na ce ta tafi gidanta. Matar kirki ce, sai dai yawan magana.

Talata 15 ga Yuli, da rana

Asibiti. Likita ya kira ni baranda shi kaɗai da ni. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ashe Ben ya riga ni zuwa wurinsa tun wancan satin, munafukin banza, bai gaya mini ba.

Alhamis 17 ga Yuli, da yamma

Wa ke sayar da faifai marar komai a garin nan yanzu? Na zaga shaguna har ƙafata ta yi ƙura, yara masu sayar da caja suna kallona kamar na tambayi fitilar ƙwai. A ƙarshe wani dattijo mai kwafar waƙoƙin kwaya na coci a bayan kasuwa ya zaro mini daga ƙarƙashin tebur, shi ya ƙona mini ma da injinsa. Ya san Baba. Ya ce a gaishe shi, ya ce yaya jikin, ya yi wannan fuskar da kowa ke yi mini yanzu. Na karɓi faifaina na fito.

Bakin faifan kwamfutar ya ƙi buɗewa, sai da na zura allura a ɗan ramin da ke gefe ya turo harshe. Na saka. Ta karanta, wallahi ta karanta, na ji faifan yana juyawa. Sai ta rubuto layi biyu farare a kan baƙi ta tsaya. Wai wannan na masu 64 ne, ita kuwa 32 ce, in nemo daidai da ita.

Na kira Charity, ta ce au, ba ta gaya mini ba? Ta ce ta ɗauka malamar kwamfuta ta sani. Da a gabana take da na watsa mata ruwan da ke hannuna. Ta ce in nemi wani irin Linux da ake kira antiX, shi har yanzu yana yin na tsofaffi.

Baba yana kwance yana kallona duk wannan abin. Na juya masa kujera ta yadda zai ga allon, na ce saura kaɗan, Baba. Ya daɗe yana kallona, ba allon ba.

Juma'a 18 ga Yuli, da safe

Kowa ya rabu da ni.

Lahadi 20 ga Yuli, da yamma

'Yan Zumunta mata na cocinmu sun zo bayan sujada, da ɗaurin zanensu iri ɗaya da tulun kiɗansu, suka cika mini falo. Na gode, Allah ya saka. Amma a cikin waƙoƙin duniyar nan duka, sai suka zaɓi irin waɗanda ake rerawa in an kafa rumfa a ƙofar gida. Na shiga tsakiyarsu na ce su canja waƙa ko su tashi. Suka tsayar da waƙar. Wata ta ce Hefziba ba ta da kunya tun tana kwaya, na ji ta sarai, kuma na san muryar.

Fasto ya tsaya bayan sun watse. Ya ga kwamfutar a buɗe a kan teburin cin abinci, ya tambaya, na yi masa bayani. Ya ce abu ne mai kyau. Sai ya fara zagaye-zagaye a kan cewa akwai lokacin riƙewa akwai lokacin saki, ni na san Baba Bitrus ya biya ta gidansa. Na ce Fasto, a yi mana addu'a a ɗauke mana wahalar wuta, shi nake bukata a satin nan. Ya yi addu'ar, ya haɗa da wasu abubuwan da ban roƙa ba.

Kunu rabin kofi, shi ma da lallashi.

Litinin 21 ga Yuli, da yamma

Ta tashi.

Na koma wurin dattijon ya ƙona mini antiX, na saka, ta yi ta zubo rubutu kamar ba za ta daina ba, sai ga fuska ta buɗe, ga kibiya tana bin hannuna. Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai. Daga faifan take gudu tukuna, a hankali, amma da shi na leƙa cikinta na ga kayan Baba duka suna nan, katunan bikin mutanen da yanzu 'ya'yansu ke jami'a, tsarin sujadar Kirsimeti na shekaru. Yanzu da Linux ke riƙe da ita ta yarda da filasha, na kwashe komai na adana.

Sai na danna a ɗora. Ta tambaya ko ta share cikin gaba ɗaya, ta sake tambaya ko na tabbata. Na tabbata. Layin ya fara tafiya, ya wuce rabi, hadari ya taso daga wajen Gonin Gora, iska ta buga taga, suka ɗauke wuta.

Na zagi wanda ya ɗauke, na zagi wanda ya ɗauke shi aiki. Yanzu cikinta babu tsohon, babu sabon.

Talata 22 ga Yuli, da yamma

Babu wuta. An ce iskar jiya ta kayar da falwaya a layinmu, sai an haɗa kai an je an yi magana. Asabar nake kallo, su suna maganar kwamiti.

Ina wanke zanen gadon Baba na ji mota. Ben ne, ya sauke ƙaramin janaretansa da galan ɗin mai a bakin ƙofa. Maman Blessing ce ta kai masa rahoto, wa kuma. Na ce me ye wannan? Ya ce ya ji babu wuta. Na ce wato don ranar Asabar kada in ce wuta ce ta hana ni, ko? Ka kawo ne don ka toshe mini baki. Ya ja igiyar ya tayar, ya shiga ya gaida Baba. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ja, wai hayaƙin janareta ne.

Na karɓa, don ba ni da zaɓi. Ban gode masa ba.

Laraba 23 ga Yuli, da yamma

Da safe kafin in fita na sake daga farko, wannan karon ta kai ƙarshe. Ta tambayi sunan mai ita na rubuta istifanus, na saita ta riƙa buɗewa ba tare da neman kalmar sirri ba. Na canja mata ɗan batirin agogo mai kama da kwabo, ta san yau wace rana ce. Na zare faifan, na kashe, na kunna, ta tashi da ƙafarta. Na buɗe farar takarda na ƙara girman harafi har mutum zai karanta daga bakin ƙofa.

Da na dawo daga makaranta muka ɗaga Baba ni da Maman Blessing muka zaunar da shi a keken guragu, muka tokare shi da filo, na ɗora masa kibod a kan katako a cinya. Daidai nan Ben ya shigo da ƙarin mai. Da na sani da na kulle ƙofa.

Baba ya shafa maɓallan. Na ga fuskarsa, ɓarin da ke motsi, ta saki. Ya nemi wuri da yatsa, ya danna. Harafi ɗaya ya cika layi, ya gangaro na biyu, ya gangaro na uku. Ya ɗaga da ƙyar ya danna wani, shi ma haka. Allo ya cika da kkkkkk da uuuuuu, babu kalma ko ɗaya. Ya yi ta ƙoƙari har zufa ta karyo masa, kansa ya faɗi gefe.

Ben ya tsaya yana kallon allon. Ya ce, "Yaya, ki bar shi haka, kina wahalar da shi." Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita.

Ban yi kuka ba. Kunu cokali kaɗan.

Alhamis 24 ga Yuli, da rana

Ba kansa ba ne, yatsan ne. In ya danna ba ya iya ɗagawa da wuri, ita kuma kwamfuta an yi ta ne in an riƙe maɓalli ta yi ta maimaitawa. Ina tsaye a aji abin ya faɗo mini, na bar yara da takardunsu na hau keke. Na lalubo inda ake kashe maimaitawar na kashe. Na gwada, na danne harafi na ƙi ɗagawa, guda ɗaya ya fito ya tsaya.

Na je in ɗaga shi, barci yake. Tun safe barci yake. Maman Blessing ta ce in bar shi. Ina zaune ina kallon ƙirjinsa.

Baba Bitrus ya kira wai in tanadi kujeru, da mutum biyu daga ƙauye zai zo. Su zo da garin duka.

Juma'a 25 ga Yuli, da rana

Ban je rufe makaranta ba. Ya farka da haske a ido, na ce Baba mu gwada, ya lumshe. Ni kaɗai na ɗaga shi, bai da wani nauyi yanzu.

Ya danna, harafi ɗaya ya fito. Ya tsaya yana kallonsa. Ya danna na biyu. A hankali, yana hutawa tsakani, ya buga sunana. Rabona da jin Baba ya kira ni tun Mayu. Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa, na ce na'am Baba, na'am, ga ni. Na ce masa gobe za su zo, su Baba Bitrus, suna so su ɗauke ka, ka gaya musu da kanka, ka rubuta musu su gani su ji kunya.

Ya daɗe. Janareta na ta ƙara a waje. Ga abin da ya buga, yadda ya buga shi:

ku kai ni kauye da raina

Na ce Baba ba ka gane ba, can babu likita. Na ce Ben ne ya zuga ka ranar Talata da ya daɗe a ɗaki, ko? Ya buga a a. Na ce ko don ka ga ina wahala ne, ni ban gaji ba, wa ya ce maka na gaji? Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

Na mayar da shi gado.

Juma'a, da yamma

Ba wanda ya gani sai ni. Maman Blessing ta tafi kasuwa. Maɓallin gogewa yana nan a kusurwar dama, babba ne, ya fi sauran sheƙi don Baba ya sha dannawa. Gobe in ce na'ura ta ƙi, ko in ce bai farka ba, wanda ma zai iya zama gaskiya. Su yi ta surutunsu, ni in tsaya a bakin ƙofa, ba mai wuce ni da shi.

Ina jin haushinsa. A nan zan iya rubutawa. Ina jin haushinsa fiye da na Ben, fiye da na kowa. Na zagi mutane saboda shi, na kori matan coci, na bar aji. Yana kwance yana kallona ina yi.

Na zauna a gaban allon har mai ya kusa ƙarewa. Na adana rubutun na kashe.

Asabar 26 ga Yuli, da yamma

Sun zo da shirinsu. Baba Bitrus da babbar riga, da dattawa biyu daga ƙauye, da Ben a gefe. Aka yi addu'a. Baba Bitrus ya fara jawabi a kan al'ada da abin da mutane za su ce, da yadda 'ya mace ba ta yanke irin wannan hukuncin. Da jiya da safe ne da na cinye shi ɗanye. Na bar shi ya yi nisa, na tashi na kunna kwamfutar, na juyo musu da allon. Na ce Baba ya yi magana jiya, ga shi.

Baba Bitrus ya nemo tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire hularsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ta yaya za a san shi ya rubuta, Baba Bitrus ya ce masa in da ita ta rubuta ai ba wannan za ta rubuta ba. Na ɗauka zai yi mini kallon na gaya miki, bai yi ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi.

Ben ya tashi ya fita. Na same shi a bayan gida kusa da janareta, a tsugune, babban mutum da 'ya'ya. Na ce to ka ci nasara, sai ka je ka sha mai a mota. Ya ɗago ya ce, "Yaya, na ɗauka za ki hana. Su suka matsa mini, ni ba yadda zan ce a'a. Ke nake jira ki hana."

Na rasa abin da zan zage shi da shi. Na tsuguna a gefensa.

Jibi za a tafi.

Lahadi 27 ga Yuli, da yamma

Ban je sujada ba. Na haɗa magunguna da zannuwa da filon da yake so. Ben ya zo ya cire kujerar bayan motarsa ya shimfiɗa katifa. Mun yi aiki tare ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma yi hira ba.

Da rana ta yi sanyi Baba ya farka, na zaunar da shi a gaban allon. Na ce masa ni ma zan bi shi, an yi hutu, ba inda zan je. Na ce can babu wuta, amma kada ya damu, za mu ɗauki kwamfutar da janaretan Ben, akwai wuri a but ɗin mota, zan haɗa masa a ɗakin, duk abin da yake so ya faɗa wa mutanen gida sai ya buga. Na ce yanzu da ta tashi ai ba mai sake yin magana a madadinsa. Ina ta zuba, ina naɗe wayoyi.

Na ji ƙarar maɓalli, na juyo.

bar ta
na gama magana

Ya shafa kibod ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, ya tura mini shi.

Litinin 28 ga Yuli, da sassafe

Ben ya ɗauko shi a hannu shi kaɗai. Na ba Maman Blessing makullin gida, na ce ta yafe mini bakina. Zan zauna a baya, kansa a cinyata, na gaya wa Ben ya bi ramukan hanyar Kachia a hankali.